Bangon Alƙiblar da Muka Yaɓe

Ana sa tayil a masallacin unguwarmu a nan Yelwa, kuma kwana da kwanaki ke nan ƙarar injin yanka shi ba ta bar kowa ya ji sallamar maƙwabcinsa ba. Ni dai ina zaune a ƙofar ɗakina ina sauraro, ba haushi ba daɗi. An ce idan an gama, mutum zai riƙa ganin fuskarsa a ƙasa in ya yi sujada. To, Allah ya sa alheri. A cikin wannan ƙarar ce autana ya shigo mini da baƙuwa, wata doguwar yarinya daga jami'a, da jaka a goye kamar mai shirin ƙaura. Ta durƙusa ta gaishe ni da kyau, ta ce littafi take rubutawa a kan tsofaffin masallatan da ruwan Kainji ya ci. Ta bi gari gari daga Shanga har Ngaski tana tambaya, ko'ina sai a ce mata cikin manyan da suka san cikin masallacin gungunmu ni kaɗai na rage. Waɗanda suke yara a lokacin ta same su, sun yi furfura, amma duhu da warin jemage kawai suke tunawa. Abu ɗaya take nema a wurina, in faɗa mata yadda zanen bangon alƙiblarsa yake. In na faɗa, zai shiga littafi. In ban faɗa ba, abin da aka rubuta tun da can shi zai zauna, wato bango ne sumul, sabon aiki, babu abin kallo.

Autana ya fi yarinyar matsuwa. Shi ba a gungu aka haife shi ba, a ɗakin siminti na haife shi bayan an tashe mu, bai taɓa ganin garin ubansa ba sai saman ruwan da ke kansa. Ya yi karatu, ya koyar a makaranta har gashinsa ya fara fari, amma har yau in wani ya yi masa ba'ar cewa mutanen gungu jiya jiya suka koyi alwala, sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi. Tun yana ƙarami yake jin ubansa, Allah ya ji ƙansa, yana cewa masallacinmu ya girmi masallatan garuruwa da yawa da ke taƙama a tudu. Yanzu ga wadda za ta rubuta, ga uwarsa da ta gani da idonta. A wurinsa magana ta ƙare.

Gungu, ga wanda bai sani ba, tsibiri ne a tsakiyar kogin Kwara. Namu ba babba ba ne, in ka tsaya a gabas ka ƙwala kira, na yamma zai amsa maka. Albasa muke nomawa da rani, gero da shinkafa da damina, maza kuma ba a raba su da jirgi da komar kamun kifi. Da asuba abin da kake fara ji shi ne gora tana bugun gefen jirgi, sai tarin ladan, don ya kan yi tari sau uku kafin ya kira salla, har mun fi gane tarin da kiran. Daga nan sai turame su ɗauka daga gida zuwa gida. Yanzu babur ne ke tashina, da rediyon mai shayi. Ba na cewa da can ya fi. Da can ma mun sha sauro da ciwon ciki, mun binne yara da yawa. Ina dai faɗin abin da kunnena ya saba da shi ne.

Masallacin yana tsakiyar gari, a ɗan tudu, gini ne na ƙasa mai kaurin bango, rufinsa azara ce ta giginya da ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Ƙofarsa gajera ce, kowane namiji sai ya sunkuya, taga kuwa 'yan ramuka ne biyu can sama da hannu ma ba zai shiga ba. Mu mata ba ma salla a ciki. Sau ɗaya a shekara muke shiga, bayan an gama girbi, ranar daɓe. Daɓe aikin mata ne tun fil azal, ko ɗakin sarki ne sai mata sun durƙusa sun buge masa ƙasa. Kwana biyu kafin ranar, za a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a manyan tukwane har ruwan ya yi ja ya yi kauri yana wani wari mai shiga maƙogwaro. Maza su ɗebo tsakuwa da jar ƙasa su zube a ƙofa su tafi abinsu. Mu kuma mu yi wanka, mu ɗaura zane mai tsarki, wadda ba ta salla ta tsaya waje tana miƙo ruwa. Sai mu shiga a jere, kowace da madaɓinta, mu durƙusa kafaɗa da kafaɗa, muna yayyafa makuba muna bugu, muna ja da baya.

A ko'ina aka yi daɓe waƙa ake yi, waƙar ma irin wadda maza ba sa son ji, a zagi rago a zagi marowaci har a kama suna. A masallaci ne kaɗai ba a buɗe baki. Sai ƙarar madaɓai kawai, ashirin ko fiye suna sauka tare, har ka ji abin yana amsawa a ƙirjinka, jemagu suna ta shawagi a kanmu. Gwaggona, yayar liman, ita ke tsaye a kanmu da 'yar tsumagiya. Mace ce gajera mai faɗa, ba ta taɓa haihuwa ba, don haka duk 'ya'yan gungu nata ne, kuma duk ta dake su. In ta ga ɗaya ta ɗaga kai sai ka ji tsumagiya a gadon baya.

"Ku buga ku bar kallo," in ji ta, ƙasa ƙasa. "Ba kallo yak kawo ku ɗakin Allah ba."

To haka na san masallacinmu, da gwiwa da tafin hannu. Na san inda ƙasarsa ta lotsa a sahun gaba saboda goshin tsofaffi. Na san gindin kowane ginshiƙi. Bangon alƙibla kuwa na san akwai aiki a jikinsa, kowa ya sani. Maza suna cewa wani malami ne ya zo da maginin a jirgi tun zamanin kakannin kakanninmu, ya yi wata da watanni yana yi da yatsa da bakin wuƙa, kuma tun daga nan ba a sake taɓa shi ba. Ana yaɓe waje duk shekara, ana yaɓe sauran bangaye uku, wannan dai ba a taɓawa. Na shiga daɓen nan ya kai sau shida. A duk shigar, abin da na gani na bangon bai wuce abin da mai satar kallo ke gani a duhu ba, wasu tudu da kwari, yanar gizo, da gidajen zanzaro birjik.

Shekarar da aka ce za a tare Kwara a yi dam, ina goyon fari. An yi ta zuwa ana auna gonaki, ana shafa wa gidaje lamba da jan fenti. Tsofaffi suna dariya suna cewa wane ɗan adam ne zai tsayar da Kwara. Da aka ga ana gina mana wasu ɗakuna a tudu, masu rufi a lanƙwashe kamar an kifa jirgi, sai dariyar ta ragu. Maza suka koma kullum suna can, suna kai rumbu da azara da dabbobi, su kwana biyu uku ba su dawo ba. Gari ya zama sai mata da yara da liman, wanda tsufa ya kama, idonsa kuma ya fara hazo.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga wurin hakimi cewa jibi wasu masana za su iso, suna bin gungu gungu suna ɗaukar hoton kayan tarihi kafin ruwa ya zo, kuma masallacinmu suke so su gani. Liman ya aika aka kira Gwaggo, mu kuma muka bi ta muka tsaya bayan zana muna ji.

"Yaya, baƙi za su zaka jibi, manyan mutane, da na'urar hoto," in ji shi. "Ɗakin ga kuwa kin san yadda shi ke. Hoton ga har birni za a kai shi. A ce mutanen gungu sun bar ɗakin Allah ga zanzaro da gizo?"

"Ba a hwaɗin haka ina raye," in ji Gwaggo. "Bar mu da shi."

Ban ga wadda ta yi musu ba, ni ma ban yi ba. In baƙo zai zo gidanka share tsakar gida kake yi, ka wanke ƙwarya, ka ɓoye tsumma. Abin da muka sani ke nan. A ranar muka haƙo ƙasa a bakin ruwa, muka kwaɓa ta da ƙaiƙayin shinkafa, don ba a sa kashin dabba a ƙasar masallaci. Muka cire tabarmin ƙofa don haske ya shiga, muka kakkaɓe yana, muka farfasa gidajen zanzaro. Da aka farfasa su sai bangon ya ƙara muni, nan ya ɓantare, can ya tsage, gara ta ci wani gefe. Gwaggo ta tsaya ta dube shi, ta riƙe haɓa, ta ce a cike shi duka a shafe. Aka jera mu, dogaye a kan turame suna yin sama, mu gajeru muna yin ƙasa. Ni bahaguwa ce, na sha duka a kan haka ban daina ba, ranar kuwa saboda sauri Gwaggo ta kau da kai ta bar ni ina yi da hagun. Ɗiyata tana baya tana kuka, ƙasa tana bushewa a ƙwarya, ana ta cewa a yi maza. Ina ɗibar ƙasa ina cusawa a rami, in danna da yatsa, in shafe da tafi, in matsa gaba. Kwana biyu muka yi. Da muka gama muka bi shi da ruwan makuba, ya fito ja sumul yana sheƙi. Wallahi mun yi murna. Har guɗa wata ta fara, Gwaggo ta toshe mata baki.

Baƙin sun iso da hantsi, wani Bature jajawur da ƙafarsa duk cizon sauro, da wani malami Bahaushe mai riƙe masa littafi. An shimfiɗa musu tabarma, an kawo fura da gasasshen kifi. Baturen ya cire takalmi ya tsaya a bakin ƙofa, malamin ya shiga da fitila. Bai daɗe ba ya fito yana duban yatsansa, ƙasa ta manne masa.

"Allah gafarta malam, an ce mana akwai tsohon aiki a bangon nan," in ji shi.

"Tsohon ya lalace," in ji liman, yana murmushi. "Mun gyara shi don ku."

Malamin ya juya ya yi wa Baturen magana. Baturen ya cire hula ya sosa kai, ya mayar, ya sake cirewa. Malamin ya roƙi a bar shi ya ɗan kankare gefe ɗaya, ko faɗin tafin hannu ne. Liman ya ce a'a, ba a kankare alƙibla a gaban baƙo, ga shi kuma mata sun sha wahala. Ba su yi gardama ba, jirginsu na jira, akwai gungu uku a gabansu kafin la'asar. Suka kafa na'urar mai ƙafa uku a bakin ƙofa suka ɗauka sau ɗaya, malamin ya rubuta wani abu gajere, suka tafi da kwandon albasa da muka ba su. Mu muna bayan zana muna taɓa juna, muna cewa ka ga Bature har hula ya cire don mamaki.

Bayan wata kaɗan aka kwashe mu. Ruwan bai zo da ƙarfi ba, a hankali ya riƙa hawa, yau ya ci gonar albasa, jibi ya shiga maƙabarta. Masu kamun kifi suka ce masallacin ya yi kwanaki tsaye ruwa na zagaye da shi, wata safiya suka zo ba su gan shi ba. Ginin ƙasa ne, ya narke ya koma inda ya fito. Mutane sun yi kuka ranar tashi, wasu har da birgima. Ni ban yi ba. Ina riƙe da tukunya a cinya a cikin jirgi, abin da ke raina kawai kar ta fashe. Na ce in mun isa zan yi kukan, da muka isa kuma aiki ya yi yawa. Liman bai shekara a tudu ba, Gwaggo ta bi shi. Sauran matan da muka jera tare, ɗaya bayan ɗaya aka yi ta aiko mini da saƙon rasuwarsu, ina cewa Allah ya ji ƙai, ina ci gaba da abin da nake yi.

Wannan duka ban taɓa ba kowa labarinsa ba, ba don ɓoyo ba, don ban ɗauke shi labari ba. Sai ranar da yarinyar nan ta zauna a tabarmata, ta ajiye waya tana ɗaukar magana, ta zaro wani hoto daga jaka. Ta ce a ɗakin ajiye tsofaffin takardu ta samo shi, shi kaɗai ne hoton masallacinmu a duniya. Autana ya miƙo mini tabarau. Na ga bango, fari da baƙi, ba komai a jikinsa sai sawun tafin hannu. Duk sawun sun kwanta gefe ɗaya, sai daga ƙasa wajen dama, wani yanki ya kwanta ɗaya gefen. Na daɗe ina kallon wurin. Hannuna ne, na hagu, ina da shekara ashirin ko ƙasa da haka.

Na ba su labarin yadda aka yi, tun daga saƙon hakimi har kwandon albasa. Autana bai taɓa ji ba. Yarinyar kuwa idonta ya yi haske.

"Kaka, ai ke kin taɓa shi ma da hannunki," in ji ta. "Ki zana mini ko a ƙasa ne, yadda kika tuna."

Na share ƙasa da tafi, na sa yatsa. Na ja layi ɗaya. Na tsaya. Na rufe ido ina neman bangon, sai in ga ƙwaryar ƙasa, in ji kukan yarinya a bayana, in ji sanyin laka a tsakanin yatsu. Na san akwai wuraren da yatsa ke nutsewa har gaɓa ta biyu. Na san akwai wani abu da ya lanƙwasa, don sai da na juya wuyan hannu na bi shi. Ko ina ya nufa, ko da me ya haɗu, ko rubutu ne ko ado, babu. Na share layin na sake ja, ya fito layi kawai.

Ta ce kar in damu. Ta buɗe kwamfuta tana nuna mini zanen wasu masallatai na wasu garuruwa, masu sarƙa, masu kamar takobi, masu zagaye cikin zagaye, wai ko wani zai tayar mini da tunani. Duk suna da kyau. Autana ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa.

"Inna, ki duba da kyau hwa. Wanga bai yi kama da shi ba?"

"Ban sani ba."

"To wanga hwa? Baba ya ce akwai zagaye. Na ji shi da kunnena."

"Kai ka ji. Ni ban gani ba."

"Inna, kama kaɗai anka ce. Ki ce ya yi kama, shi ke nan. Wa zai zo shi ƙaryata ki?"

Gaskiyarsa, babu mai ƙaryata ni, duk suna ƙarƙashin ƙasa ko ƙarƙashin ruwa. Na dubi hoton da yake nunawa, na dubi fuskarsa, mutum mai jikoki yana roƙona da ido kamar ranar da na fara kai shi makaranta. Da na ce e, da yarinyar ta rubuta, da ya ɗauki littafin ya bi shago shago yana nuna wa masu yi masa ba'a. Na so in ce e ɗin. Amma bangon alƙibla ne, kuma na kusa zuwa inda za a tambaye ni.

"Ɗiyata," na ce, "rubuta abin da zan hwaɗa miki. Akwai aiki ga bangon ga, tsoho na, zurhinsa ya kai gaɓa biyu ta yatsa. Kamarsa ban sani ba. Ni da 'yan uwana munka cike shi da laka don kunyar baƙi."

Ta rubuta, ta karanta mini, bai cika layi biyu ba. Ta ce za ta sa shi a ƙasan hoton a matsayin abin da wata tsohuwa ta shaida, amma ba zane ba za ta iya cewa komai a kan shekarun ginin ba. Ta tambaya ko akwai wani da za ta je wurinsa. Na ce babu. Ta yi godiya, ta ajiye mini sabulu da goro, ta goya jakarta.

Autana ya raka ta ƙofa ya dawo. Bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon layin da na ja a ƙasa, can ya ce, ba da faɗa ba, a hankali:

"Inna, sau biyu ke nan kina rufe shi."

Na jira in ji zafin maganar, na ba ta lokaci, ba ta zo ba. Na ce masa ya tura yaro ya sayo mini kalanzir. Har yau yana zuwa gaishe ni kowace safiya, ba ya fashi, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya tambayi kwanana ya tashi. Bai sake zama a tabarmar ba.